Leda ta shiga taki: darasin jujin Gidan Sori

Kowace shekara, in cibiyoyin bincike na Turai da Amurka suka fito da jerin ƙasashen duniya bisa ma'aunin abin da ake kira ci gaba mai ɗorewa, mai neman sunan Nijar ba ya shan wahala, daga gindin takarda yake farawa. Finlan da Suwidin da Danmak su ne a sahun gaba, Nijar kuwa tana can baya, kusa da Cadi da Afirka ta Tsakiya. A rahotannin ci gaban ɗan Adam da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2018 da 2019 da 2020, ƙasar nan ce ta 189 cikin ƙasashe 189. Babu amfanin musun waɗannan alƙaluma. Yaron da ya tashi a ƙauyen da ba lakwal, da mai naƙudar da aka ɗora a amalanke aka nufi likita mai nisa da ita, sun riga masu lissafin sanin gaskiyar lamarin.

Sai dai akwai fanni guda da wannan jeri yake rufe fuskar gaskiya, wato fannin ɓarna. Wa ke cin arzikin ƙasa fiye da kima, wa ke tara juji? Binciken da Bankin Duniya ya buga a 2018 ya nuna cewa a shekarar 2016 duniya ta zubar da shara tan biliyan 2 da ɗoriya. In aka raba, mutum guda a Afirka kudu da Sahara yana zubar da giram 460 a rana, mutumin Amurka ta Arewa kuwa kilo 2 da giram 210. Ƙasashe masu arziki, waɗanda jama'arsu kashi 16 cikin 100 ce ta mutanen duniya, su ne ke da kashi 34 cikin 100 na sharar. A wajen hayaƙin da ke ɗumama duniya tazarar ta fi haka: rabon ɗan Nijar wajen kilo 100 ne a shekara, na Ba'amurke ya kai tan 14. Ke nan a wannan fage na baya shi ne na gaba.

Gidan da ba ya zubar da komi

Wanda ke son ganin ma'anar waɗannan alƙaluma da idonsa ya kama hanyar Gidan Sori, ƙaramar hukumar karkara cikin gundumar Gidan Runji, yamma da Tsibirin Gobir da birnin Maraɗi. Abin da zai gani can shi zai gani a ƙauyukan Agiye da Gazawa. Damin gero guda ya isa misali. An sussuka, an sheƙe, tsaba ta tafi turmi, ƙaiƙayi ya tafi turke ko ya shiga ƙasar gini, dusa da ƙasari sun zama rabon tunkiya da akuya. Karan da aka kwaso daga gona ya zama darni da rumfa da abincin shanu a bazara. Wanda ya shiga murhu ya fito toka, tokar kuma a tace ta don miya ko don dafa sabulu. Tuwon da ya kwana ɗumame ne. Gyaɗa ta ba da mai, tunkuza ta koma ƙuli-ƙuli, harawa ta hau rumfa tana jiran watan da za ta yi tsada. Kashin dabbobi da sharar tsakar gida a tara su a juji, gab da damina a kwashe da jaki ko amalanke a zuba a gona. Abin da ya fito daga gona, gona yake komawa.

Kayan da aka sayo a kasuwa ma ba su mutuwa sau ɗaya. Ƙwaryar da ta fashe tana da gyartai. Tsohuwar tayar mota takalma ce, robar cikinta gugan rijiya ce da maɗaurin kaya. Gwangwanin tumatir ma'auni ne, kwalba mazubin mai ce, buhun da ya ƙare aikinsa shimfiɗar shanya ce. Tarkacen alminiyam maƙera su narkar da shi su zuba tukunya da ludayi. Ƙarfen da ya gagari maƙeri, ƴan gwangwan su ɗora shi a sikeli su biya. Abin da gwamnatocin Turai ke kashe maƙudan kuɗi suna koya wa jama'arsu, wato rage shara da sake amfani da kaya da sake sarrafa su, uwargida a Gidan Sori ta gaje shi daga kakarta, ba ta kuma taɓa jin an ba shi suna ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ana yabon talauci. Rabin wannan tattali dubara ce, rabinsa dole ce. Wanda ba ya da halin sayen sabon kwano dole ya liƙe tsoho, kuma mafi yawan wahalar, daga surfe zuwa kwasar taki, a kan mata da yara take. Ranar da hannu ya sake, da yawa daga cikin waɗannan al'adu za su faɗi, kamar yadda suka faɗi a wasu unguwannin Ƴamai da Maraɗi. Abin tambaya shi ne ko ƙasar nan za ta iya fita daga rashi ba tare da ta jefar da dubarar da rashin ya koya mata ba.

Baƙuwar da ba ta ruɓewa

Wannan tsari na gado yana da sharaɗi guda: duk abin da ya shiga juji ya ruɓe. Leda ta karya sharaɗin. Daga shekarun 1980 zuwa 1990 ta fara kutsowa kasuwanni, mafi yawanta daga masana'antun Najeriya, har ta kori ganye da faifai da kwando da akushi. Yau mai da suga da gishiri da fura da ƙosai duk a leda ake ƙulla su, ruwan sha ma a leda, wanda ake kira piya-wata. Amfaninta na ƴan mintoci ne, zamanta a ƙasa na shekaru masu yawa. Ranar kasuwa in ta watse, iska ta kwashe ta ta rataya wa ƙaya da darni, saura kuma tsintsiya ta haɗa ta da sauran shara zuwa juji.

A nan babbar ɓarnar take. Leda ba ta tsaya ga ƙazantar da gari ba, ta shiga taki. Manomin da ya kwashi jujin gida ko ya sayi na birni, al'adar da manoman kewayen Kano da Katsina da Maraɗi suka daɗe suna yi, yanzu tare da takin yake zuba wa gonarsa leda da fasassun kwalabe da tsofaffin batura. Ledar da ta nutse a ƙasa tana tare ruwa, tana tare saiwa, haukar noma tana tono ta shekara da shekaru. Wannan kuwa a lokacin da takin zamani ya yi tsadar da ƙaramin manomi ba ya iya kai wa gare shi, musamman tun tashin farashin 2022.

Bayan gona sai turke. Akuya da tunkiya da saniya, in bazara ta yi tsanani ciyawa ta ƙare, suna cin ledar da ke da ƙanshin mai ko gishiri. Ba ta narkewa, sai ta dunƙule a tumbi, dabba ta daina cin abinci, ta rame, ta mutu ko a yanka ta a sayar da asara. Mahauta da mushen dabbobi sun fi kowa sanin abin da ake fitarwa daga cikin dabbobin gari. Jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai, ita ce asusun mace a karkara: ita ce kuɗin magani, ita ce kayan ɗakin ɗiya, ita ce hatsin watan da rumbu ya ƙare. Duk akuyar da leda ta kashe, jarin wata mata ne ya tafi, kuma babu ofishin da ke rubuta wannan asara.

A birni kuwa leda tana toshe magudanun ruwa. A daminar 2024 ambaliya ta kashe mutane fiye da 300 a Nijar, jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ba wanda zai ce leda ce ta kawo ruwan, ko ita ta gina gidaje a kan hanyar gulbi. Amma magudanar da ta cika da leda da yashi ba ta da wurin da za ta kai ruwa sai cikin gidajen mutane. Wasu kuma suna ƙona ledar, ko su hura wuta da ita a murhu, matan da ke girki da jariran da ke bayansu su shaƙi hayaƙin.

Har ma al'adar tattalin kanta ta zama tarko. Hannun da ya saba da cewa kwalba ba ta da ranar zubarwa, shi ne ke wanke kwalbar maganin ƙwari ko na ciyawa ya zuba mai ko ruwan sha. Baturan tocila da na fitilun hasken rana, in sun mutu, yara ne ke fasa su suna wasa. Kayan sun sake, dubarar ba ta sake ba, ba a kuma aiko kowa ya yi bayani ba.

Doka tana barci

Ba za a ce hukuma ba ta san da zancen ba. Ranar 5 ga Nuwamba 2014 aka kafa doka mai lamba 2014-63, wadda ta hana ƙera ledar nan mai laushi, da shigo da ita, da sayar da ita, da amfani da ita, da ajiye ta a duk faɗin ƙasa. An yi jawabai, an yi tarurruka, an buga a jaridar gwamnati. Yau fiye da shekara 10 ke nan, kuma duk wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ko ta Gidan Runji ko ta Gazawa zai ga ana sayar da ita a fili, dami dami, a gaban jami'an da aka ɗora wa hana ta. Gwamnatoci sun sauya, leda tana nan.

Dalilin bai ɓuya ba. An hana abu ba a tanadi madadinsa ba. Talakan da ke sayen man dala 10 da sugan dala 5 yana bukatar abin ƙullawa, mai tebur kuma ba ya da abin da ya fi leda araha. A wurare da dama ruwan leda ya fi na tulun da ba a san asalinsa ba tsabta. Iyaka da Najeriya doguwa ce, hanyoyinta sun fi ƴan duwan yawa, kuma masu shigo da kayan ba ƙananan mutane ba ne. Dokar da ba ta taɓa babban ɗan kasuwa, in aka tashi aiki da ita a kan mai ƙosai za ta faɗa. Da wannan zalunci gara barcin da take yi, amma barcin ma ba magani ba ne.

Zanen aro

In aka zo neman mafita, ƙwararrun ofis sukan buɗe littafin Turai. Gaskiya ne Jamus tana sake sarrafa kusan kashi biyu cikin uku na sharar gidajenta, kuma tun 2003 mai sayen wasu abubuwan sha a kwalbar roba yana ajiye jinginar santim 25 na yuro, wajen sefa 165, wadda ba a mayar masa sai ya dawo da kwalbar. Ruwanda ta hana leda a 2008, ta kuma tsaya a kan hanin har Kigali ta yi suna wajen tsabta. Kenya ta bi sahu a 2017 da hukuncin da zai iya kai ɗaurin shekara 4. Waɗannan misalai suna da abin koyo, musamman na Ruwanda, wanda ya nuna cewa ba sai mai arziki ke iya cika dokarsa ba.

Amma a duba bayan zanen. Ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu arziki ta bayyana a 2022 cewa kashi 9 cikin 100 kaɗai na sharar roba ta duniya ake sake sarrafawa. Shekaru da dama wani kaso mai yawa na robar da Turai da Amurka ke cewa sun tattara, a jirgin ruwa ake loda shi zuwa Sin. Da Sin ta rufe ƙofarta a farkon 2018, sai kayan suka karkata zuwa Maleshiya da Turkiyya da wasu ƙasashe. Afirka kuwa ta san wannan ciniki tun tuni. A 1988 aka jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko na Najeriya. A 2006 jirgin Probo Koala ya kawo dattin da aka zubar a Abijan, mutane suka mutu, dubbai suka kwanta ciwo. Yarjejeniyar Bamako ta 1991, wadda ta hana shigo da datti mai guba Afirka, abin da ya faru a Koko da irinsa ne ya haife ta. Taron ƙulla yarjejeniyar duniya kan roba ya watse a Busan a ƙarshen 2024, ya sake watsewa a Janeba a Agustan 2025, domin ƙasashe masu man fetur da masana'antun roba sun ƙi a taƙaita yawan abin da ake ƙerawa. Tsabtar titin wani sau da yawa jujin wani ce. Motar kwasar shara da kwanduna masu launi huɗu da furoje zai kawo Gidan Sori za su yi aiki har ranar da kuɗin furojen suka ƙare. Zanen aro ba ya rufe katara.

Abin da gawo ya koyar

Jihar Maraɗi ba ta bukatar tafiya nesa neman misali, domin a gonakinta aka yi ɗaya daga cikin manyan ayyukan farfaɗo da ƙasa da Afirka ta gani. A farkon shekarun 1980 gonakin yankin sun zama fili fetal. Dokar daji, wadda aka gada daga dokar Turawan mulkin mallaka ta 1935 aka sabunta a 1974, ta sa itatuwa irin su gawo a hannun hukuma, har manomi yana iya shan tara a hannun mushen daji kan itacen da ke tsakiyar gonarsa. Itacen da ba naka ba kuwa, wanda zai iya jawo maka tara, ba ka da dalilin renonsa. An yi ta dasa itatuwa a bukukuwa, mafi yawansu ba su ga damina ta biyu ba.

A 1983 wani ma'aikacin aikin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace shekara suna da rai, abin da suke bukata kawai a zaɓi ƴan rassa a bar su su girma. Yunwar 1984, wadda ake kira El-Buhari, da taron yaƙi da hamada da aka yi a Maraɗi a wannan shekara, suka buɗe kunnuwa. Sassaben zamani ya bazu daga gona zuwa gona. A Ɗan Saga, cikin gundumar Agiye, mutanen gari suka kafa kwamitocin tsaron itatuwa da suka haɗa maza da mata da makiyaya, suka tsara dokokinsu da tararsu. Hukuma ta biyo baya: tsarin dokar karkara na 1993, dokar daji ta 2004, sai dokar zartarwa ta 30 ga Yuli 2020 da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya rena. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da eka ta zamani, wato hekta, wajen miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Gawo ya dawo ne ranar da manomi ya tabbata cewa inuwarsa da ƴaƴansa da takin ganyensa nasa ne.

Leda ba gawo ba ce, ba ta da ƴaƴa ba ta da inuwa. Amma darasin ɗaya ne: abin da jama'a suka ga amfaninsu a ciki, suka kuma riƙe dokarsa da hannunsu, shi ke ɗorewa.

Abin da ya kamata

Na farko, a kama abin daga tushe. Ƙauye ba ya ƙera leda. Aikin gwamnati ne ta fara da baƙar ledar nan mafi laushi, wadda ba ta da mai saye bayan an yi amfani da ita, ta tare ta a hannun manyan masu shigowa da ita da ɗakunan ajiyarsu, ta ba su wa'adi sananne, kuma kowace shekara ta faɗa wa jama'a adadin da aka kama da inda aka kai shi. Mai ƙosai ta zama ta ƙarshe da za a tambaya.

Na biyu, robar da ke da daraja a ba ta farashi. Ledar ruwa da kwalaben roba da fasassun bokitai suna da masu saye, domin akwai masana'antun da ke niƙa su a Kano. Jinginar kwalba ma ba baƙuwa ba ce a nan, duk wanda ya sayi lemon kwalba a da ya san ba a ba shi ita kyauta. Masu cika ruwa a leda su ɗauki nauyin karɓar ledarsu a kan kilo, ƙaramar hukuma kuma ta ware wani kaso sananne na harajin kasuwa don wurin tarawa da ladan masu tarawa.

Na uku, juji ya rabu. Gida ba ya bukatar kwandon Turai kafin ya yi tari biyu, na abin da ke ruɓewa wanda zai tafi gona, da na abin da ba ya ruɓewa. Batura da kwalaben maganin ƙwari kuwa a keɓe su nesa da yara da rijiya, a kuma wajabta wa mai sayar da maganin ya karɓi kwalbarsa. Wannan saƙo rediyon karkara da limamai da masu gari da mushen gona sun isa su isar da shi.

Na huɗu, madadin yana nan a gida. Kabar da ake saƙa tabarma da faifai da ita tana iya ba da jakar cefane, kuɗin kuma su shiga hannun masaƙan karkara maimakon su tsallaka iyaka. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991 kafin tsarinsu na asusu ya bazu ƙasashe da dama, suna haɗuwa kowane mako, kuma su ne masu akuyoyin da leda ke kashewa. Babu kwamitin da zai fi su sanin abin da ake asara.

Na biyar, a san wanda za a tambaya. An zaɓi majalisun ƙananan hukumomi karo na farko a 2004, an rushe su a Afrilun 2024 aka naɗa masu riƙo. Ko zaɓaɓɓe ne a kujerar ko naɗaɗɗe, mai biyan harajin kasuwa yana da haƙƙin sanin nawa aka tara da abin da aka yi da shi. Lissafin da aka liƙa a ƙofar ofis ya fi jawabin ranar tsabta amfani.

Masu jera ƙasashe za su ci gaba da jerinsu, kuma Nijar tana da aiki mai yawa kafin ta tashi daga inda suka sa ta. Amma a fannin tattalin abin da ƙasa ta bayar, mutanen Gidan Sori da Agiye da Gazawa ba su jiran malami daga waje. Abin da suke jira shi ne hukuma ta cika dokar da ta kafa da kanta tun 2014, ta tare musu abin da ya fi ƙarfin jujinsu. Sauran aikin sun san shi, kamar yadda suka nuna a kan gawo. Allah ya sa masu riƙe da madafun iko su ji.